Gaban Masta ko Makarantar Fasaha: A Ina Yaro Zai Fi Gane Sana'ar da Ta Dace da Shi?

Duk shekara, da zarar sakamakon BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya fito, gidaje da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Sawaba na birnin Kumasi a Ghana sukan shiga shawara iri ɗaya game da yaron da aka riga aka amince cewa sana'ar hannu zai koya: shin a kai shi gaban masta a shago ko gareji, ko kuwa a bar shi ya tafi makarantar fasaha ta gwamnati? Abubuwa biyu aka fi aunawa a irin wannan zama, wato kuɗin da za a kashe da kuma takardar da za a samu a ƙarshe. Akwai abu na uku da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, alhali shi ne yake yanke hukuncin ko yaron zai kai ƙarshen koyon ko zai watsar a tsakiya, kuma shi ne yadda sha'awar sana'ar za ta kasance a zuciyarsa bayan ya ɗanɗani aikin da hannunsa.

Iyaye sukan ɗauka cewa sha'awa abu ne da yaro yake zuwa da shi cikakke daga gida, saboda haka da an tambaye shi abin da yake so ya ce kanikanci ko ɗinki, sai a ga magana ta ƙare. A gaskiya abin da ɗan shekara 15 yake so galibi shi ne surar sana'ar kamar yadda ya hango ta daga nesa. Ya ga makaniken unguwarsu yana tuƙa motocin manya da sunan gwaji, ko yarinya ta ga madam mai shagon ɗinki tana shiga mai kyau ana girmama ta a wurin biki. Bai ga baƙin mai da ke shiga ƙarƙashin farce ba, ita ma ba ta ga ciwon bayan da zaman keke yake jawowa ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. John Holland na Amurka, wanda ya fara gabatar da ra'ayinsa a 1959, ya kasa sha'awar aiki gida 6: masu son aikin hannu da injuna, masu son bincike, masu son ƙirƙira da ado, masu son hidimar jama'a, masu son ciniki da jagoranci, da masu son tsari da lissafi. Ya ce mutum ya fi daɗewa kuma ya fi natsuwa a aikin da yanayinsa ya yi daidai da nau'in sha'awarsa. Abin da waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara jaddadawa shi ne cewa tasirin ta fuska biyu yake tafiya: sha'awa tana jan mutum zuwa ga aiki, aikin kuma yana sake fasalin sha'awar, musamman tsakanin shekarun balaga da farkon shekaru ashirin, lokacin da ba ta gama kafuwa ba. Yaron da ya ga hannunsa yana ƙwarewa yakan ƙara son abin da yake yi, wanda kuwa ya daɗe bai ga ci gaba ba yakan tsani sana'ar da a da yake mafarkinta. Saboda haka tambayar da ta kamaci iyaye ita ce: wace hanya ce za ta haɗa yaron da ainihin aikin da wuri, wacce za ta ba shi damar ganin ƙwarewarsa tana ƙaruwa, kuma wacce ce ta fi sauƙin juyawa idan aka gane an yi kuskuren zaɓi?

A fannin haɗuwa da ainihin aiki, babu makarantar da za ta kamo gaban masta. Wanda aka kai Magazin na Suame, wanda yake cikin manyan matattarar makanikai da masu walda da maƙera a nahiyar Afirka, tun makon farko zai san ƙarfe nawa ake buɗewa, zai san zafin rana a kan buɗaɗɗen fili da laka a lokacin damina, zai ji yadda mai mota yake faɗa idan aiki ya yi jinkiri, zai kuma ga ranar da aka wuni ba a samu ko sisi ba. Haka wanda aka kai wurin kafintoci a Sokoban, inda aka mayar da masu aikin katako daga Anloga, zai san ƙurar katako da ƙarar injin yanka kafin a ba shi guduma. Yarinyar da ta shiga shagon ɗinki wata biyu kafin azumi kuwa, kafin a yi Sallah ƙarama za ta san ko tana iya jure kwana a kan keke da matsin masu kaya da suke tsaye a ƙofa a daren jajibiri. Gani ya kori ji. Wannan ilimin babu shi a allon aji, kuma shi ne yake raba sha'awa ta gaske da ruɗin ido cikin 'yan watanni.

Sai dai a nan ne kuma babbar illar shago take. Shekarar farko a wurin mastoci da yawa shekarar aike ce: shara, ɗebo ruwa, sayo abinci, wanke kayan aiki, guga da ɗinka maɓalli, wani lokaci har da hidimar gidan masta wadda ba ta da alaƙa da sana'ar. Mastoci suna da hujjarsu, domin suna cewa da haka ake gane mai haƙuri da mai amana kafin a damƙa masa injin motar mutane ko shaddar mai tsada, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Amma idan aiken ya yi tsawo, abin da ake gwadawa ya zama haƙurin yaro kawai, sha'awarsa kuwa tana mutuwa ne saboda ba ta samu abin da za ta kama ba. Yaro ya dawo gida ya ce, "Baba, ni fa ba na son wannan aikin," uban ya ɗauka lalaci ne, alhali yaron bai taɓa yin aikin ba balle ya san ko yana son sa. Yawancin koyarwar ma ba daga masta take fitowa ba, daga babban yaron shago take fitowa, kuma halin wannan babban yaron yakan yi tasiri a kan sabon shiga fiye da halin mastan kansa. Iyaye sukan yi bincike a kan masta, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi wane ne babban yaronsa da kuma yadda yake mu'amala da na ƙasa da shi.

Wata illar ita ce ƙuncin fage. A Magazin an rarraba aiki ƙwarai: mai gyaran inji daban, mai wayoyin mota daban, mai bugun jiki daban, mai fenti daban, mai kujeru daban, kuma cikin masu injin ma wani nau'in mota ɗaya ko biyu kawai ya ƙware a kai. Yaron da aka kai wurin mai bugun jiki zai iya shekara 3 bai gane cewa baiwarsa a wayoyi take ba, sai dai idan ya yi sa'ar leƙa garejin maƙwabta. Kuma abin da masta bai sani ba, ba zai koyar ba. Motocin da suke shigowa ƙasar yanzu cike suke da na'urori masu kwamfuta, kuma gano matsalarsu yana bukatar na'urar bincike da iya karanta abin da ta nuna da Turanci. Akwai mastocin da suka koyi wannan, akwai kuma da yawa da har yanzu kunne da ƙwarewar hannu suke dogara da su. Yaro mai son bincike da sanin dalilin abu, idan ya faɗa hannun mastan da amsarsa kullum ita ce "haka ake yi," zai iya gundura ko da hannunsa yana da kyau.

Makarantar fasaha ta sha bamban ta kusan kowace fuska. Tun da aka fara shirin karatun sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, wanda ya haɗa da makarantun fasaha na gwamnati, batun kuɗin makaranta ya ragu sosai a kan iyaye, kuma dokokin 2020 sun sake tsara fannin: hukumar ilimin fasaha da sana'a, wato CTVET, ita ce take kula da ƙa'idoji da takardun shaida, hukumar makarantun fasaha ta ƙasa kuma ta tattara makarantun da a da suke warwatse a ƙarƙashin ma'aikatu daban-daban. A makaranta irin Kwalejin Fasaha ta Kumasi, wadda aka fi sani da KTI, ɗalibi yana shekara 3 yana koyon sana'arsa tare da Turanci da lissafi da kimiyya, yana koyon zanen aiki da awo da dalilin da ya sa abu yake aiki yadda yake yi. Ba a aikensa sayen abinci, kuma akwai manhaja da ta tsara abin da zai koya a kowane zango, saboda haka ci gabansa bai rataya a kan irin aikin da masu kaya suka kawo a wannan makon ba. Ga yaron da yake son fahimtar dalili, wannan wuri ne da sha'awarsa za ta iya yin girma. Yana kuma ganin sassa daban-daban a harabar makaranta ɗaya, na lantarki da na gini da na walda da na motoci, yana da abokai a kowanne, abin da yake buɗe masa ido a kan sana'o'in da bai taɓa ji ba a unguwarsu.

Amma ganin sassan da ido ba daidai yake da samun damar komawa cikinsu ba, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ɗalibi yana zaɓen makaranta da fannin karatu ne tun yana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, kafin tsarin kwamfuta na rarraba ɗalibai, wanda ake amfani da shi tun 2005, ya tura shi inda aka ba shi gurbi. Sau da yawa malami ko wani yayansa ne ya cike masa takardar, wani lokaci kuma makarantar fasahar an rubuta ta ne a matsayin madogara idan makin bai kai na makarantar da ake buri ba. Irin wannan ɗalibi yana shiga da jin cewa an jefo shi ne, kuma canja fanni bayan an fara karatu ba abu ne mai sauƙi ba, domin ya danganta da samun gurbi da amincewar hukumar makaranta. Ga kuma matsalar kayan aiki. Inda ɗalibai suka yi yawa a kan inji ɗaya, rabon kowa na aikin hannu yakan ragu, har yaro ya iya zana abin da bai taɓa haɗawa ba. An tanadi lokacin da ɗalibai za su je wuraren aiki su yi koyo a aikace, amma amfanin wannan ya danganta da inda aka samu wa yaro da kuma ko an bar shi ya taɓa aikin. Sakamakon haka shi ne wasu sukan gama shekara 3 suna son sana'ar a takarda, sai ranar da suka shiga gareji na gaske su tarar da yaron masta ɗan shekara 17 ya fi su saurin hannu, su kuma tarar da yanayin aikin bai yi musu ba. Gwajin da yaron shago ya sha a watanninsa na farko, ɗan makaranta yakan sha shi ne bayan ya gama.

Akwai kuma yaran da ajin kansa ne matsalarsu. Wanda ya sha wahala da Turanci da lissafi tun firamare, idan aka sake zaunar da shi a gabansu shekara 3, zai iya haɗa ƙin ajin da ƙin sana'ar, ya fita ba tare da ko ɗaya ba. A ganina tilasta wa irin wannan yaro makaranta don kawai kyauta ce, asarar shekaru ce da aka yi wa kallon riba.

Batun juyawa idan an yi kuskure ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne al'adarmu take ƙara wa shago nauyi. Kai yaro gaban masta yakan zo da kuɗin shiga, da kayan aiki ko keken ɗinki da iyaye za su saya, da abin da al'adar sana'ar ta tanada na lemo da makamantansa, sannan da kuɗin mota da na abinci kullum, sai kuma hidimar bikin yaye a ƙarshe. Bayan an yi wannan ɗawainiya, musamman idan mastan ɗan'uwa ne ko abokin sallar uban yaro a masallacin unguwa, cire yaron ya zama abin kunya ga gida biyu. Sai a matsa masa ya ƙarasa, ya karɓi yaye, ya ajiye kayan aikin ya kama tuƙin babur ko keke mai ƙafa uku. Duk wanda ya zauna a Zongo ya san telolin da ba sa ɗinki da makanikan da ba sa gyara. A Jamus, inda matashi yake raba makonsa tsakanin kamfani da makarantar sana'a, doka ta wajabta lokacin gwaji na wata 1 zuwa wata 4 a farkon koyo, wanda a cikinsa kowane ɓangare yake iya janyewa ba tare da an ɗora masa laifi ba. Babu abin da ya hana iyaye a Kumasi su ari wannan dabara ba tare da jiran doka ba. Uba zai iya cewa, "Masta, ga ɗanka nan, ya zauna wurinka wata uku ka duba hannunsa, shi ma ya duba aikin, in Allah ya sa an dace sai mu zo a yi abin da ya kamata." Mastan kirki ba zai ƙi ba, domin shi ma bai son ɗaukar wanda zai gudu. Watannin da suke tsakanin gama BECE da buɗe makarantu sun isa wannan gwaji, kuma galibi a banza suke wucewa.

Doka ma ta ba iyaye abin riƙewa, ko da yake kaɗan ne suka san da ita. Dokar Yara ta Ghana ta 1998 ta sa mafi ƙarancin shekarun fara koyon sana'a a wurin masta ya zama 15, ko bayan kammala karatun matakin farko, ta ɗora wa masta nauyin koyarwa da kula da lafiyar yaron a wurin aiki, ta kuma ce ya ba shi takardar sallama idan ya gama. Ya kamata a rubuta yarjejeniya ko da mastan ɗan'uwa ne, a faɗi tsawon lokacin koyo da abin da ake sa ran yaro zai iya a ƙarshen kowace shekara, da lokacin da za a sake shi don sallar Juma'a da karatun Islamiyya idan yana yi. Rubuta abin da zai iya a shekarar farko shi ne maganin aiken da ba ya ƙarewa.

Ta fuskar takarda, makaranta ce a gaba, kuma ba a bukatar dogon bayani. Mai takardar makarantar fasaha yana iya wucewa Jami'ar Fasaha ta Kumasi, wadda a da kwalejin kimiyya da fasaha ce kafin a ɗaga darajarta a 2016, ko jami'ar da aka kafa a 2020 da sunan AAMUSTED wadda take horar da malaman sana'a, kuma kamfanoni da ma'aikatun gwamnati takarda suke fara tambaya. Takardar da masta ko ƙungiyar masu sana'a take bayarwa tana da daraja a cikin sana'ar, amma ba ta cika buɗe waɗannan ƙofofi ba. Sai dai gibin ba ya rasa gada. Cibiyar koyar da sana'o'i ta ƙasa, wato NVTI, wadda aka kafa a 1970, ta shafe shekaru tana gwada masu koyo a shago ta hanyar aikin hannu, kuma tsarin takardun sana'a na ƙasa mai matakai 8 ya fara ne da matakai biyu na ƙwarewar hannu waɗanda aka yi domin irin waɗannan mutane, tare da hanyar tantance abin da mutum ya riga ya iya a ba shi shaida a kai. Ƙungiyoyin teloli da na masu gyaran gashi da na masu gareji su ne wurin da ya fi dacewa a tambayi yadda ake yin rajista.

Idan aka haɗa waɗannan duka, ga inda nake ganin kowane yaro ya fi dacewa. Wanda karatunsa bai yi rauni ba, kuma har yanzu yana cewa yau lantarki gobe gini, makaranta ta fi masa, domin ilimin da zai samu na lissafi da zane da Turanci yana bin sa duk inda sha'awarsa ta karkata daga baya, amma da sharaɗin a nema masa masta da zai riƙa zuwa wurinsa a kowane hutu tun daga shekarar farko, don kada haɗuwarsa da ainihin aiki ta jira sai ya gama. Wanda kuwa tun yana ƙarami yake kwance rediyo da fanka, yake raɓar gareji ba tare da an tura shi ba, kuma zaman aji yake masa kamar kurkuku, gaban masta ya fi masa, da sharaɗin gwaji kafin biyan kuɗi, da yarjejeniya a rubuce, da kuma rajistar jarrabawar ƙwarewa kafin yaye. Ga sana'o'in da lissafi da ƙa'idojin kariya suka yi yawa a cikinsu, kamar wayoyin gida da na'urorin sanyaya ɗaki da lantarkin mota na zamani, na fi karkata ga makaranta ko da yaron mai hannu ne. Ga ɗinki da aikin katako da kitso, inda ido da yawan maimaitawa da sanin abin da masu kaya suke so suka fi tasiri, shago mai ciniki yakan fi aji.

Game da 'yan mata, zaɓin da ake ba su a gidajenmu ya cika ƙunci, domin kusan kullum ɗinki ne ko gyaran gashi ko girki, ba tare da an tambayi ko yarinyar mai son lissafi da injuna ce ba. A nan makaranta tana da fifiko na musamman, saboda yarinyar da take son lantarki ko zanen gini ta fi samun wurin koyo mai tsari da kariya a can fiye da a garejin da duk maza ne, kuma iyaye sun fi samun natsuwa. Idan kuma shagon madam aka zaɓa, a duba ko yaran shagon suna yanka da kansu a shekara ta biyu, domin yarinyar da ta shekara 3 tana haɗa abin da madam ta yanka ba za ta iya buɗe nata shagon ba.

Ko wace hanya aka bi, akwai alamun da iyaye za su riƙa dubawa bayan wata 6. Yaron da sha'awarsa take girma yakan kawo labarin aikin gida ba tare da an tambaye shi ba, yakan gwada abin da ya koya a kan kayan gida, kuma kokensa yakan kasance a kan cewa ba a ba shi isasshen aiki. Wanda kokensa yake kan mutane, wato masta ko babban yaro ko wani malami, wurin ne bai yi masa ba, kuma canja shago ko neman a sauya masa aji zai iya wadatarwa. Wanda kuwa yake ƙin warin man, ko ƙarar injin, ko zaman wuri ɗaya, ko da mutanen wurin suna kyautata masa, sana'ar ce ba ta dace da shi ba, kuma gara a zauna da shi da mastansa a wannan lokaci a nemi wata, tun kuɗin da aka kashe bai wuce na wata 6 ba.